Gyaran Jirgin da Yaya Hambali Ya Ƙi Gamawa

Duk wanda ya san Yaya Hambali ya san ba ya jan aiki. Ka ba shi injin da ya mutu da safe, kafin la'asar zai kira ka ka zo ka ji yana ƙugi. Shi ya sa da na ga ya shiga wata na biyu yana gyaran jirgin ruwa guda ɗaya a City Island, jirgin da bai fi tsawon bas ba, na san ba jirgin ne ke da ciwo ba.

Ni A'i ce, ƙanwarsa. Babana da babansa uwa ɗaya uba ɗaya suke, a Yelwan Yawuri. Ina da ɗan shagon atamfa da turare a wani lungu kusa da Fordham Road, kuma a shekarar 1993 da abin ya faru, ni kaɗai ce danginsa a New York in ka cire mutum ɗaya. Wannan mutum ɗayan kuwa ita ce ta hana jirgin gyaruwa.

Gidanmu gidan masunta ne. Baban Yaya Hambali shi ke facin kwalekwale a unguwarmu, kuma tun Yaya yana ƙarami yake riƙe masa guduma. Da ya tasa sai kogin Kwara ya yi masa kaɗan. Ya bi motar busasshen kifi ya sauka a Gana, ya yi ta gangarawa har Takoradi, ya samu aikin shafa wa inji mai a manyan jiragen da ke ɗaukar katako da koko. A can ya auri Akua, wata Ba'asantiya mai sayar da soyayyen kifi a bakin tasha, suka haifi 'ya mace aka sa mata Lubabatu. Aure tsakanin mace mai zafi da namijin da ba ya kwana gida bai daɗe ba. Yarinyar ba ta shiga makaranta ba Akua ta ɗauke ta suka taho wajen wanta a Bronx. Shi kuma Yaya ya ci gaba da bin ruwa, har ya haɗu da wani tsohon Bature mutumin Norway, Mista Gunnar, wanda ya ajiye aiki ya sayi ɗan jirgi mai tafiya da iska. Su biyu suka shekara da shekaru suna yawo daga tsibiri zuwa tsibiri. Bature na riƙe sitiyari, Yaya na riƙe sauran komai, har da tukunya. Kyaftin Yaya yake kiran Baturen.

Akua ta rasu kafin jirgin nan ya taɓa zuwa New York. Ni na tsaya a kan jana'izarta tare da 'yan cocinsu, ni kuma na riƙe hannun Lubabatu ranar, ko da yake a lokacin ta riga ta zama budurwa, kowa na kiranta Luba. Tana zaune a Parkchester, tana karatun aikin jinya, tana jin Hausa ras saboda maƙwabta 'yan zangon Hausawan Gana da ta tashi a cikinsu, amma ka yi mata magana da Hausa sai ta mayar maka da Turanci. Ni dai na tsaya mata a kan ta kira ni Gwaggo, ta ƙi, sai Anti. Na gaji na bari.

Wata safiya a farkon Oktoba wayar shago ta yi ƙara, na ɗauka na ji muryar Yaya, wadda rabona da ita tun ina amarya. Ya ce sun taho daga arewa za su gangara ƙasashen ɗumi, sun tsaya a yi wa jirgi fenti a canza wayoyin ƙarfen da ke riƙe da jigon zanen kama iska, aikin sati biyu. Na rufe shago na hau jirgin ƙasa mai lamba shida har ƙarshen layi, na kama bas na tsallaka gada.

Na same shi a ƙarƙashin jirgin. Sun ɗaga shi daga ruwa sun ɗora a kan ƙafafun ƙarfe, Yaya na kankare ƙananan katantanwar da suka manne a cikinsa, fuska duk shuɗin garin fenti. Ya tsufa, ya bushe, amma tafiyarsa tana nan, ƙafafu a ware kamar ƙasa za ta zame masa. Ya sa ni hawa tsani da zanina, ina hawa ina tsine wa wanda ya ƙirƙiro irin wannan zama. Ciki kuwa kamar akwati. Gadonsa a goshin jirgi, in ya miƙe kai na taɓa nan ƙafa na taɓa can. Buzunsa na naɗe a kan akwatin safanoni, butarsa a ɗaure da igiya don kada ta gangara. Ko'ina warin dizal da albasa.

Muka gaisa, muka lissafa matattun gida, ya dafa min shayi. Sai da na tashi tafiya ya kalli bango ya ce, “Yarinyar nan fa, tana lafiya?”

Na gane wa yake nufi. Lubabatu ce 'yarsa ta fari, ita ce kuma ta ƙarshe. A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Shi kansa Yaya ɗan fari ne, kuma har uwarsa ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin ta ce Hambali. Wancan take cewa, ko mutumin nan. In ya shigo ɗaki ta juya kai, in ya fita ta aika a bi shi da tsoka mafi girma. Bai taɓa ganin haka a matsayin ƙi ba, a wurinsa ma babu so da ya kai wannan nauyi. To amma yarinyar da ta girma tana ganin iyaye na rungumar 'ya'yansu a ƙofar makaranta, wa zai karanta mata wannan?

Na je Parkchester na gaya mata ubanta ya zo. Ta ci gaba da guga kamar na ce mata ana ruwa a waje. Ta ce ya san hanyar gidan Anti, bai san ta gidanta ba? Na ce babba ba ya zuwa wajen ƙarami, ita ce za ta je gaishe shi. Ta ce to a bar shi da girmansa. Haka na yi ta zirga-zirga tsakanin mutum biyu masu kai iri ɗaya, shagona a rufe, masu sayen atamfa suna komawa wajen maƙwabciyata.

Shi kuma can sai jirgi ya fara fitar da cututtuka. An gama fenti, an mayar da shi ruwa, sai Yaya ya ce farfela na karkarwa, sai an sake dubawa. Aka duba. Sai ya ce famfon da ke kwashe ruwa daga ƙasan jirgi yana shan iska, ya kwance shi ɗai-ɗai ya baje a kan jarida. Da ya haɗa, sai ya gano katakon bakin taga ya fara ruɓewa, ya kama shi da samfefa kamar mai goge zinariya. Ya shawo kan Kyaftin a sa hita ta ɗumama cikin jirgi, a canza batura, a sa wata sabuwar na'ura da ke nuna wa jirgi inda yake a teku. Shi da ya raina na'urar da, yana cewa taurari ba su taɓa cin batir ba, yanzu shi ke roƙon a saya, don kawai sai an jira a kawo ta daga wani gari. Jigon jirgin kuwa, dogon ƙarfen nan da ake ɗaura wa zane, yana kwance a kan ƙafafun katako a filin gyara, kullum saura waya ɗaya.

Kyaftin ba wawa ba ne. Tsoho ne mai kafaɗa ɗaya a sanƙare, ba ya yawan magana. Wata rana ya raka ni bakin bas ya ce min shekarun da suka yi tare bai taɓa ganin Hambali ya ɗaure noti ɗaya sau biyu ba sai a garin nan. Ya ce shi ba ya tambaya, amma sanyi ba ya jiran kowa. Masu matsayar jiragen za su rufe famfunan ruwa a ƙarshen Nuwamba, daga nan ba a yarda kowa ya kwana a jirgi, kuma in suka wuce lokacin, tekun da za su bi ba na tsofaffi biyu ba ne. Takardar shigowar Yaya ƙasar nan ta ma'aikacin jirgi ce, inda jirgi ya nufa nan zai nufa. Na koma gida da wannan a zuciyata, na kasa cin tuwo.

Daga ƙarshe Luba ta yarda za ta je, wata Lahadi. Yaya ya wanke jirgin nan har da wuraren da ido ba ya kaiwa. Ya sa farar rigarsa da ta sha ninki, ya dafa shinkafa da miyar kifi irin ta Takoradi, wadda ya san uwarta na yi. Da muka taho a kan gadar katakon nan da ke lilo a kan ruwa, na hango shi tsaye, hannayensa biyu a baya. Ta tsaya a gabansa, doguwa kamar shi, goshi irin nasa. Ta ce masa sannu da Hausa, abin da ko ni ba ta yi min.

Ya amsa yana kallon igiyar da ke ɗaure da jirgi. Sannan ya juyo wajena ya ce, “A'i, ce mata ta yi hankali da wajen nan, da santsi.”

Haka aka yi wunin. A'i, tambaye ta ko barkonon ya yi yawa. A'i, ce mata ta ƙara. A'i, karatun nata saura shekara nawa? Tana zaune gwiwarta kusan na taɓa tasa saboda ƙuncin wurin, amma kowace magana sai ta bi ta kaina. Ni na ga abin da ita ba ta gani ba. Na ga ya zuba mata kan kifin, na ga duk sanda ta sunkuya sai ya saci kallonta kamar mai jin ƙishi. Ita kuwa abin da ta gani shi ne mutumin da ya ƙetare teku ya zo ya ƙi kallon fuskarta.

Ta ajiye cokali ta tambaye shi da Turanci ko ya san sunanta. Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce min, “Ji wata magana. Ni fa na raɗa shi.” Ta ce to ya faɗa. Ya miƙe ya ce bari ya duba ko ruwan shayi ya tafasa, alhali butar shayin na gabansa. Luba ta ɗauki jakarta ta hau sama. Ban cim mata ba sai a bakin titi.

A bas na yi mata bayani iya iyawata. Na ba ta labarin kakarta da wancan da mutumin nan. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gane, ba ta ce al'ada ba ta da kyau ba. Amma kakarta tana gida ɗaya da ɗanta, yana ganin naman da take aika masa. Ita me ta gani? Ta ce ba ta neman komai a wurinsa, ba ta ma neman ya ba ta haƙuri, sau ɗaya kawai take so ta ji sunanta a bakinsa. In ba zai iya ba, ya gama gyaransa ya tafi.

Washegari na koma na sauke masa kwandon faɗa. Na same shi yana shafa giris a wani abu da na tabbata jiya ma ya shafa. Na ce Yaya, ka ji tsoron Allah, sunan nan harafi nawa ne? Wa zai gan ka a nan, kifi? Iya ta rasu, Baba ya rasu, Yawuri ba ta jin abin da ake faɗa a City Island. Ya bar ni na yi har na gaji. Sannan ya ce, “Ke kina gani kamar ƙi nake yi. In na ɗauko shi daga nan,” ya dafa ƙirji, “yana zuwa nan sai ya tsaya.” Ya taɓa maƙogwaro. Ya ce ji yake kamar an ce ya tuɓe a kasuwa. Tausayi da haushi suka haɗe min.

Ya gwada, wannan zan shaide shi. Akwai wayar jefa kwabo a jikin ofishin matsayar. Ya sa na rubuta masa lambarta a bayan hannu, ya kira da rana lokacin da ya san tana makaranta, don na gaya masa akwai na'urar ajiye saƙo, ba sai ya haɗa baki da ita ba. Ina tsaye a gefe. Na'ura ta yi ƙara, ya yi sallama, ya yi gyaran murya, ya ce a gaida mutanen gidan, ya ajiye. Luba ta ce min daga baya irin wannan saƙon ta same shi ya fi a ƙirga. Wani sallama ce kawai da numfashi da kukan tsuntsayen teku.

Sanyi kuwa ya shigo da gaske. Jiragen da ke maƙwabtaka da su aka yi ta ɗaga su ana lulluɓewa da tamfol, matsayar ta zama fayau. Da safe gadar katako sai ta yi fari da ƙanƙara, ruwan butar Yaya ya daskare, yatsunsa suka tsattsage. Kyaftin ya fara tari. Kullum na buɗe rediyo sai in ji ana maganar iska a teku, ni da ban taɓa damuwa da teku ba. Tsoro biyu ke cina. In ya tafi bai faɗa ba, na san yarinyar nan ta rufe ƙofa ke nan, kuma a shekarunsa da irin aikinsa ba wanda zai ce ga ranar dawowa. In kuma ya ci gaba da ja, zai jefa kansa da tsohon mutane cikin ruwan da ba a shiga.

Kyaftin ne ya yanke. Ya je da kansa ya kira masu injin ɗaga kaya, aka tsayar da jigo. Yaya ya ɗauko safanoninsa. Ya ɗaure wayoyin nan da ya yi wata yana lallaɓawa cikin wuni guda, ya hau can ƙololuwa a kan wata 'yar kujerar igiya ya gyara fitila, ya sauko ya ɗaura zane. Hannunsa ya dawo irin na da, kuma ganin saurin nan ya fi komai tayar min da hankali, don na san ya sallama.

Na gaya wa Luba ranar tafiya, ban roƙe ta ba, roƙona ya ƙare. Da safen sai ga ta a tashar bas da rigar asibiti a ƙarƙashin kwat. Ta ce daga nan aiki za ta wuce.

Inji na aiki muka isa. Yaya ya sauko kan gada, ya yi min sallama, ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni. Sannan ya tsaya a gabanta. Ta cire safar hannu ta miƙa masa hannu, ya riƙe da nasa biyu. Wannan karon ya ɗaga ido ya kalle ta, kallo sosai. Na ga bakinsa ya buɗe, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Na riƙe numfashi har kaina ya sara.

Ya ce, “Allah ya yi albarka.”

Ta jira. Ya saki hannun, ya sunkuya ya kwance igiyar gaba, ya kwance ta baya, ya tura jirgin da ƙafa ya haye. Luba ta mayar da safarta a hankali, ta ce min ta makara, ta juya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi sauri ba. Na bi bayanta da ido har ta haura ta fita ƙofar matsayar ta sha kwana. Ni kuwa na tsaya a ƙarshen gadar ina jin kamar in jefi jirgin da takalmi.

Ruwa ya buɗe tsakaninmu, ya kai faɗin titi, ya wuce. Yaya na tsaye a bayan jirgi da igiya a hannu, yana kallon ƙofar da ta bi. Sai na ji shi. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai yi magana ba.

“Lubabatu.”

Ya sake, da ƙarfi wannan karon, har Kyaftin ya waiwayo daga sitiyari. Ya sake na uku.

Ni da rabona da gudu tun ina budurwa, na tattare zani na zuba a kan katakon nan mai santsi, gada na rawa ina rawa. Na same ta a tashar bas, bas ɗin ma ya taho. Na riƙe hannun kwat ɗinta ina haki na ce ya kira ki. Ta kalle ni kamar tana auna ko lallashi ne. Ta ce me ya ce? Na ce Lubabatu, cikakke, har sau uku, kuma wallahi da kunnena na ji.

Ta riga ni komawa. Kafin in iso tana can ƙarshen gada, amma jirgin ya yi nisa, sun fara ɗaga zane, ba ka gane wane ne Yaya wane ne Kyaftin. Iska na busowa daga wajensu zuwa fuskarmu, ko ihu ka yi ba zai kai ba. Na tsaya a gefenta.

Ta daɗe tana kallon ruwan, hannayenta a aljihu. Sannan a hankali, kamar yana tsaye a gabanta, ta ce, “Na'am.”